Sabon Bututu a Tsohuwar Ƙota

Bindigar da maharbi ko ɗan banga ke ratayawa a ƙauyukan ƙaramar hukumar Bosso, daga Beji da ke hanyar Zungeru zuwa Garatu da ke hanyar Bida, da wuya a ce ga shekarunta. Ƙotar ta kaka ce, kunamar an sake ta a zamanin uba, bututun kuwa wataƙila bai wuce damina biyu ba. Mai ita zai rantse gadonsa ce, kuma bai yi ƙarya ba. Haka manomi ke yi da fartanya: bana a sake ƙota, baɗi a sake ruwa, amma a bakinsa fartanyar nan dai ce tun ta farko.

Bututu shi ne ɓangaren da ke mutuwa da wuri. Wuta da zafi suna cin cikinsa duk lokacin da aka harba, baƙin albarushi kuma yana barin dauɗa mai jan laima, tsatsa ta biyo baya. Saboda haka sake bututu tsohuwar al'ada ce a duk inda bindiga ta je, daga maƙerar ƙauye har masana'antar soja. Abin da ya raba su shi ne awo, da kuma wanda ke tsaye a kan awon.

A Amurka da Turai, masu gasar harbin nesa suna lissafin ran bututu da yawan harsashin da ya bi ta cikinsa. Cikin bututun bindigarsu akwai zane mai murɗawa wanda ke sa harsashi ya fita yana juyi, shi ya sa ba ya kaucewa. Da zarar zanen ya fara cinyewa daga gindi, harsasai sukan fara warwatsuwa a jikin allon gwaji, sai a kai wa gwani ya cire ya sa sabo. Galibi a nan mai bindiga ke amfani da damar ya sauya girman harsashi gaba ɗaya. Tun da kamfanin Hornady ya fito da harsashin 6.5 Creedmoor a 2007, da yawa suka bar tsohon .308 suka koma gare shi, don iska ba ta cika karkatar da shi ba kuma bai cika dukan kafaɗa ba, ko da yake ya fi saurin cinye bututu. Sojojin Amurka ma sun bi wannan hanya: a 2019 dakarunsu na musamman suka zaɓi bindigar Barrett MRAD, wadda ake sauya wa bututu ta ɗauki harsashi iri uku.

Wannan sana'a, a irin wannan siffa, ba ta da kasuwa a Minna. Dalilin ya girmi Nijeriya kanta.

Bindigogin da suka fara shigowa ƙasar nan da yawa masu ƙanƙara ne, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki. A Birmingham da Liège ake ƙera akasarinsu, fatake su shigo da su ta gaɓar teku. Nupe ta ci moriyar zama a bakin Kwara: Etsu Masaba ya tara bindigogi daga 'yan kasuwar Ingila, abin da ya ƙara wa Bida ƙarfi a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Can arewa, Sarkin Damagaram Tanimu ya sa ana haɗa albarushi ana zuba igwa a Zinder. Wato maƙeran yankin nan ba baƙin ƙarfen yaƙi ba ne. Amma a 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar Brussels, wadda ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogi masu zanen ciki da na zamani, ta bar musu masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. An ce don daƙile cinikin bayi aka yi. Shekara bakwai bayan haka, a 1897, rundunar kamfanin Royal Niger ta shiga Bida da bindigar Maxim, Kontagora ta faɗi a 1901, Kano da Sakkwato a 1903, Lugard, jagoran Turawan mulkin mallaka, kuma ya riga ya kafa hedikwatarsa a Zungeru, nan kusa da Minna. Tun daga lokacin aka ja layi: bututu mai zane na gwamnati ne, mai sulɓi na talaka.

Cikin wannan layi maƙeri ya yi aikinsa, kuma ya yi shi da basira. Masanin nan S. F. Nadel, a littafinsa kan Nupe na 1942, ya bayyana yadda maƙeran Bida ke da ƙungiya da unguwanni da shugabanni, kamar yadda Sarkin Maƙera yake a biranen Hausa. Da bindigogin Turai suka tsufa, irin waɗannan maƙera ne suka riƙe su da rai. Sun maye ƙanƙara da hular tartsatsi, sun sassaƙa ƙota da itacen gida, da motoci suka yawaita kuma suka gano cewa ƙarfen tsohuwar mota ya fi bututun famfo ƙwari. Adaka, ko harba-ka-ruga kamar yadda masu zolaya ke kiranta, ta zama kayan gida, ta kore biri daga gonar doya da masara, ta yi farautar rani, ta yi amo a hawan salla da naɗin sarauta.

Sai dai a nan girman bututu ba lamba ba ce da aka rubuta. Faɗin da aka samu shi ne faɗin, maharbi ya daidaita dalmarsa da shi, ya auna albarushi da ido da sabo. In an sake bututu, sai ya koma koyon bindigarsa daga farko: ina take kai harbi, nawa take ɗauka, wane nisa ne iyakarta. Tsofaffin mafarauta ba sa son ba da aron bindiga, kuma ba rowa ba ce kawai, domin awon da wannan ta saba da shi yana iya fasa waccan. A Ingila tun 1813 majalisa ta kafa gidan gwajin bututu a Birmingham, inda ake harba kowane bututu da ƙarfin da ya wuce na yau da kullum kafin a buga masa hatimi a sayar. Bututun ƙauye ba ya bi ta irin wannan gida. Yakan samu gwajinsa ne a hannun mai shi, shi ya sa labarin bindigar da ta fashe ta tafi da yatsu ba baƙo ba ne a cikin mafarauta.

A ɗaya gefen layin, gwamnati ta yi nata sauye-sauyen. Sojan mulkin mallaka da Lee-Enfield mai harsashin .303 ya saba. Da ƙungiyar NATO ta tsayar da harsashin 7.62 a 1954, sai ƙasashe suka tarar da rumbunansu cike da bindigogi masu lafiya waɗanda harsashinsu ya zama tsohon yayi. Ingila ta ɗauko bindigogin gwanayen harbinta na Yaƙin Duniya na Biyu ta sa musu sabon bututu, suka fito da suna L42A1 a 1970, suka kuma je yaƙin Falkland a 1982. Italiya ta yi haka da M1 Garand ta Amurka: kamfanin Beretta ya juya ta zuwa 7.62 ya kira ta BM59. Abin sha'awa, ita wannan BM59 tana cikin bindigogin farko da masana'antar DICON ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964 da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus, ta ƙera da lasisi. Ashe masana'antar makaman Nijeriya da bindigar da aka sauya wa harsashi ta buɗe ido. Daga baya aka karkata ga samfurin Kalashnikov, har DICON ta fito da tata mai suna OBJ-006. Ita ma 7.62 ake ce wa harsashinta, amma kwansonsa milimita 39 ne, na NATO 51, ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Ga runduna, sauya harsashi na nufin sauya rumbu da horo da ƙasar da za a riƙa saye a wurinta, kuma irin wannan tunani na horo da aƙida a Minna hedikwatarsa take, a rundunar TRADOC.

Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ita ce ginshiƙi, ta gaji tsarin 1890 kusan yadda yake. Ta kasa bindigogi gida uku. Na farko haramtattu, inda ta ambaci bindigogin soja da lambobinsu: milimita 7.62, milimita 9, .300 da .303. Na biyu irin su bindigar harbin tsuntsu, masu lasisin Sufeto Janar. Na uku masu ɗuri ta baki, waɗanda al'amarinsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ƙira da gyara duk sai da izini, an kuma hana gajarta bututu mai sulɓi ya gaza inci 20. Ke nan abin da ɗan gasar Amurka ke yi a matsayin nishaɗi, a nan yana iya ɗauke bindiga daga wani aji ya jefa ta wani, mai ita kuma ya kwana a kurkuku.

Hana farar hula bindigar soja daidai ne, kuma wanda ya ga abin da ya faru a Kagara a Fabrairun 2021 da Tegina a Mayun shekarar, lokacin da aka kwashe ɗalibai, ba zai nemi a ƙara yawan makamai a jihar Neja ba. Akwai kuma maƙeran da suka ci amanar sana'ar, suna ƙera wa ɓarayi bindigogi masu ɗaukar harsashin zamani, 'yan sanda na kama su lokaci zuwa lokaci. Amma raunin tsarin a aji na uku yake. Hukumomi sun dogara da 'yan banga da mafarauta wajen tsaron ƙauyukan Shiroro da Munya da Rafi, ana yaba musu a taro, ana raba musu babura, alhali bututun da ke kafaɗarsu babu wanda ya gwada shi, maƙerin da ya sa shi kuma sau da yawa ba ya cikin rajistar kowa, tsoron kamu ya sa yana aiki a ɓoye. Cibiyar daƙile ƙananan makamai da aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ta fi mai da hankali ga tattarawa da lalatawa. Wurin da za a iya gwada bututu kuwa bai yi nisa ba: a Bosso Jami'ar Fasaha ta Tarayya tana nan tun 1983, da sashen da ke koyar da ilimin ƙarafa da na'urorin auna ƙwarinsu, tafiyar ƙasa da awa guda daga kasuwar Beji.