Yawan awanni a sama ba shi ne ƙwarewar matuƙi ba

Idan lokacin jigilar alhazai ya zo, maniyyatan Kiyawa da sauran garuruwan Jigawa suka nufi filin jirgin saman Dutse, wanda aka buɗe a 2014, abin da ake kwantar wa tsofaffi hankali da shi bai wuce cewa matuƙan jirgi tsofaffin hannu ne, sun yi dubban awanni a sama. Jaridu ma da wannan mudun suke awo. Ni dai a ganina mudun yana da huji.

Ka duba tafiya daga Dutse zuwa Saudiyya. A jirgin zamani, matuƙi yakan riƙe sitiyari da hannunsa na 'yan mintuna ne wajen tashi da wajen sauka. Sauran tafiyar na'ura mai tuƙa kanta ce ke aiki, shi kuma yana sa ido, yana magana da masu kula da zirga-zirgar jirage. Wannan ba laifi ba ne, na'urar ta rage haɗura ƙwarai. Amma awannin da ake rubuta masa yawancinsu na kallo ne, hannu kuwa idan bai aiki sai ya yi sanyi.

Ranar 31 ga Mayu 2009 jirgin Air France mai lamba 447 ya taso daga Birazil zuwa Faransa. Ƙanƙara ta toshe bututun da ke auna gudunsa, sai na'urar ta saki tuƙi ta miƙa wa mutum. Wanda ke riƙe da jirgin ya dinga ɗaga hancinsa sama har fukafukan suka daina ɗaukar nauyinsa. Maganin wannan shi ne a sunkuyar da hancin ƙasa don jirgi ya sake samun gudu, to ka ga abu ne da zuciya ba ta yarda da shi idan mutum na ganin yana faɗuwa. Sai wanda ya maimaita shi har ya zama jiki. Mutum 228 suka rasu, kuma injinan jirgin lafiyarsu ƙalau.

Mu ma a gida mun ɗanɗana. Jirgin ADC da ya faɗi a Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006 a hanyarsa ta zuwa Sakkwato, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki, masu bincike sun ɗora alhakin a kan tashi cikin mummunan yanayi da rashin bin matakan da suka dace lokacin da iska ta juya farat ɗaya.

Irin waɗannan ba a koyonsu da fasinja a ciki. Shi ya sa ƙa'idar duniya ta ce a jarraba matuƙin jirgin fasinja sau biyu a shekara, yawanci a cikin na'urar kwaikwayon tuƙi, wato wani ɗaki mai motsi da aka ƙera daidai da mazaunin matuƙa. A nan ake kashe masa inji, a turo masa hazo kamar na hunturun Kano. Sannan dole ya kasance ya tashi ya sauka aƙalla sau 3 cikin kwana 90 da suka wuce.

Sai dai ita ma jarrabawar ba ta tsira ba. Matuƙi ya san ranar, kuma kusan ya san injin zai mutu daidai lokacin tashi, domin haka aka saba yi. Ɗalibin da ya san tambayar tun daga gida, me cin jarrabawarsa ya nuna? Abin da ya rikita matuƙan Air France ba-zata ce, ita ce kuma mafi wuyar kwaikwayo. A 2013 hukumar jiragen saman Amurka ta shawarci kamfanoni su riƙa barin matuƙa su yi tuƙi da hannu idan yanayi ya ba da dama.

Namu ƙarin matsalar kuɗi ce. Kwalejin horar da matuƙa ta Zariya, da aka kafa a 1964, ta sayi na'urar kwaikwayon Boeing 737, amma kowane samfurin jirgi da tasa na'urar, don haka matuƙanmu da yawa sai an tura su waje da dala. Kamfanin da ke kukan tsadar mai zai so ya tsaya a iya abin da doka ta tilasta. Idan hukumar alhazai za ta zaɓi kamfanin da zai kwashi mutanen Jigawa, ni tambayar da zan so a yi ita ce yaushe rabon matuƙansa da shiga wannan ɗakin, kuma me aka gwada su a kai.