Wa ke cin moriyar masu ƙere-ƙere don sha'awa?

A shekarar 2005 wani malami a Jami'ar Bath ta Ingila, Adrian Bowyer, ya soma wani aiki da ya sa wa suna RepRap. Firintar 3D ce, mai narkar da zaren roba tana jera shi hawa-hawa har ya zama kofi ko wani ɓangaren inji. Ya saki zanenta kyauta, kowa ya ɗauka ya gyara ya ƙara. Mutane a ƙasashe da dama suka duƙufa a kanta cikin ɗakunansu bayan sun taso daga aiki, ba mai biyansu ko sisi. A kan wannan gumi kamfanin MakerBot ya tashi a New York a 2009. Da ya yi ƙarfi, a 2012, sai ya rufe zanen sabuwar na'urarsa, kuma shekara guda bayan nan Stratasys ya saye shi a kan sama da dala miliyan 400. Gayya ce aka yi a gonar da aka ce ta kowa ce, da kaka ta yi sai ga mai gona ya bayyana da buhunansa.

Masu rubuta manhaja ma ba su tsira ba. GitHub, inda miliyoyinsu ke ajiye ayyukansu a buɗe, Microsoft ya saye shi a 2018 a kan dala biliyan 7.5. A 2021 aka fito da Copilot, mai taya rubuta manhaja, wanda aka horar da shi da rubutun da mutane suka ajiye a can, sannan aka juyo ana sayar musu da shi wata-wata. Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne na OpenSSL. Wannan manhaja ce ke tsare sirrin shafukan intanet masu ɗimbin yawa, har da na manyan kamfanoni. Sai da aka gano ɓarakar Heartbleed a cikinta a 2014, sannan duniya ta ji cewa mutane ƙalilan ne ke kula da ita, kuma gudummawar da suke samu ba ta wuce kusan dala 2,000 a shekara ba. Masu kuɗin sun yi shekaru suna amfani da ita, ba wanda ya tambayi yadda masu kula da ita ke cin abinci.

Don haka idan aka ce sha'awar nan tana yi wa jari-hujja hidima, ba zan musa ba. Tana ba su ma'aikatan da suka koyar da kansu da kuɗin datarsu, tana gwada musu dabaru kyauta, wadda ta yi kyau su saya, wadda ta lalace asarar mai ita ce.

Inda na rabu da masu wannan magana shi ne inda suke cewa abin duk yaudara ne. Ai da haka ne, da kamfanoni ba su kashe kuɗi wajen hana mutane buɗe kayan da suka saya da kuɗinsu ba. Shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka tsaya kan mai gyara. Ya kifa waya a kan tebur, ya hura mata iska mai zafi, ya ɗaga wani ɗan ƙanƙanin abu da bai kai ƙwayar gero biyu ba, ya dasa wani da ya ciro daga matacciyar waya. Wayar da masu ƙera ta suka so a yar a sayi sabuwa, ta sake yin shekara biyu a hannun mai shayi. Shi ya sa Apple ya riƙa ɗaure sassan wayarsa da lambobi ta yadda waya za ta gane an sa mata allon da ba su amince da shi ba, shi ya sa manoman Amurka suka daɗe suna rigima da John Deere a kan 'yancin gyara tarakta. Sai da jihar Oregon ta yi doka a 2024 ta hana irin wannan ɗaurin sassan waya.

Kuma akwai garkuwa ga masu rubuta manhaja. Lasisin GPL da Richard Stallman ya tsara a 1989 ya ce duk wanda ya ɗauki aikinka ya ƙara a kai ya rarraba, dole ya bar nasa ma a buɗe. Da shi aka matsa wa Linksys a 2003 ya saki manhajar na'urarsa ta rarraba intanet, daga nan aka samu OpenWrt da ake amfani da ita har yau.

Ƙannena da ke tururuwa zuwa ajin koyon rubuta manhaja, ku koya, ku dage. Amma kafin ku ɗora aikinku a intanet, ku zauna ku karanta lasisin da za ku sa masa, ku ajiye kwafinsa a hannunku, kuma idan kamfani ya nemi ku gyara masa abu, ku faɗi kuɗinku.