Ɗigo a goshi, jan layi a tsagar kai: alamomin addinin Hindu a idon mai kallo Bahaushe

1. Shimfiɗa

Mafi yawan abin da Bahaushe ya sani game da addinin Hindu a majigi ya gan shi. Tun cikin shekarun 1950 ƴan kasuwar Labanan masu gidajen silima suke shigo da finafinan Indiya Kano da sauran biranen Arewacin Nijeriya. A ƙasashen renon Faransa kuwa, har da Nijar, kamfanonin COMACICO da SECMA ne suka daɗe suna riƙe da rarraba finafinai, na Indiya kuma suna cikin hajarsu. Ni kaina na fara ganin mace mai jan ɗigo a goshi a wata rumfar zana a Takanamat, inda wani ɗan cin rani da ya komo daga Abijan ya kafa talabijin da bidiyo da ɗan injin wuta. Ba wanda ke jin Indiyanci a cikinmu, amma ba wanda ya tashi bai gane labarin ba.

Brian Larkin, a muƙalarsa ta 1997 cikin mujallar Africa, ya bayyana dalilin wannan shaƙuwa: mai kallo Bahaushe yana ganin kansa a cikin suturar ƴan wasan, da kunyarsu, da biyayya ga iyaye, da rikicin auren tilas. Wannan bayani ya zauna. Abin da wannan takarda ke son dubawa shi ne ɓangaren da idonmu ya tsallake. Mun karanta labarin soyayya daidai, amma alamomin addini da labarin ya dogara a kansu mun ɗauke su kwalliya.

2. Abin da ke jikin amarya

Mu fara da aure, tun da nan ne aka fi ganin abin. Matar aure a yawancin Arewacin Indiya tana ɗauke da shaida a jikinta: jan gari da ake kira sindur a tsagar gashin kai, da sarƙar baƙin duwatsu da zinariya mai suna mangalasutra wadda ango ke ɗaura mata da hannunsa, da warwaro a hannu. Ranar da miji ya mutu ake goge jan garin, a fasa warwaron, ta sa farin zane. Saboda haka idan aka ga jarumi ya dangwali jini ko jan gari ya shafa a tsagar kan budurwa, mai kallo ɗan Indiya ya san an gama magana, ta zama matarsa. Mu a rumfar Takanamat muna jiran a kawo goro da waliyyai.

A fim ɗin Sholay na Ramesh Sippy (1975) akwai Radha, surukar Thakur, wadda ba ta cika magana ba, kullum cikin farin sari, tana rage fitilu da dare yayin da Jai ke busa ɗan abin busarsa daga nesa. Fari a wurin Bahaushe kayan Juma'a ne da na Hajji, sai kuma likkafani. Ba ya nuna takaba. A can kuwa farin nan shi ne katangar da ke tsakaninta da Jai, domin auren bazawarar da mijinta ya mutu abu ne mai nauyi a al'adar manyan gidaje. Wanda bai san wannan ba zai ce kunya ce kawai ke hana ta, ya rasa rabin baƙin cikin fim ɗin. Haka abin yake a Mother India na Mehboob Khan (1957), fim ɗin da tsofaffin ƴan kallo suka haddace. Warwaron da mai ba da bashi Sukhilala ya riƙe, wanda Birju ya ƙwato kafin uwarsa ta harbe shi, mun ɗauke shi dukiyar da aka ci zalunci a kanta. Gaskiya ne dukiya ce, amma kuma mutuncin auren uwarsa ne ke jingine a hannun wani namiji, shi ya sa yaron ya haukace a kansa.

Zagayen wuta ma haka. Wutar nan Agni ce, shaidar auren, kuma taku bakwai da ango da amarya ke yi a gabanta, wato saptapadi, har doka ta san da su: dokar auren ƴan Hindu ta 1955 ta ce inda al'adar masu auren ta ƙunshi wannan taku, aure na ƙulluwa ne da cikar na bakwai. Ga dalilin da ya sa jarumi ke kutsowa a guje kafin a kammala zagaye, abin da muke yi wa dariya muna cewa Indiyawa da son jan rai.

3. Alama ko laya?

A nan ne matsalar kalma ta taso. Abin da Faransanci ya raba gida biyu, signe da symbole, mu kan tara shi cikin kalmar "alama" guda. Alama kuwa a Hausa abu ne da ke nuni ga wani abu dabam: hayaƙi alamar wuta, hadari alamar ruwa. Da wannan fahimta ne ɗalibai kan kawo jeri a kundinsu, wai furen lotus na nufin tsarki, mashi mai baki uku na nufin Shiva, shi ke nan. Irin wannan jeri ba ƙarya ba ne, sai dai ya bar muhimmin abu a waje, domin ga mai wannan addini abubuwan nan aiki suke yi. Layukan toka uku a kwance da mabiyin Shiva ke ja a goshi, ko zanen tsaye mai kama da harafin U na mabiyin Vishnu, suna faɗin ɗariƙar mutum, amma kuma ana shafa su ne da karatu, a matsayin tsarkake jiki kafin ibada. Om ma sauti ne da ake furtawa kafin ya zama zanen da muke gani a bangon fim. Littafin Mandukya Upanishad ya raba shi a-u-m, ya danganta su da farke da mafarki da barci mai nauyi, sa'an nan shirun da ke biyo baya ya zama hali na huɗu.

Abin mamaki, mai kallo Bahaushe ya san irin wannan aiki sarai idan ya zo masa ta ƙofar da ya saba. A Deewaar na Yash Chopra (1975), Vijay, wato Amitabh Bachchan, ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa mai lamba 786. Wani dattijo Musulmi abokin aikinsa ya faɗa masa albarkar lambar, ita ce jimillar haruffan Bisimilla a hisabi. Ƙarfen lambar ya tare masa harsashi, ranar da ya suɓuce masa kuma ajali ya same shi. Ba wanda ya buƙaci bayani a rumfarmu: laya ce, ta faɗi, an gama. Amma a fim ɗin nan dai, Vijay da ya ƙi shiga ɗakin bauta tun yana yaro ya hau matakala ya tsaya gaban Shiva yana faɗa da shi saboda uwarsa ba ta da lafiya. Wannan wuri, wanda shi ne ƙashin bayan fim ɗin, lokacin ne masu kallo kan fita shan iska. A ganina kalmar "laya" ko "hatimi" ta fi "alama" kusa da abin da sindur da mangalasutra suke a wurin masu su, ko da yake ita ma ba ta rufe duka ba.

Sai batun murti, siffar da ake ajiyewa a ɗakin bauta. Masu juya finafinai zuwa Hausa, sana'ar da ta bunƙasa a Kano, ba su da wata kalma a hannu sai "gunki", kamar yadda puja kan koma "tsafi". Mai fassara yana da uzuri, daƙiƙa biyu gare shi kafin bakin ɗan wasa ya rufe. Manazarci ba shi da wannan uzuri. Hukuncin da addininmu ya yanke a kan bautar siffa sananne ne, ba shi ake tambaya a nan ba. Tambayar ita ce me mai yin abin yake cewa yana yi. A wurinsa dutsen da masassaƙi ya gama dutse ne, har sai an yi masa bikin prana pratishtha, an buɗe masa ido. Daga nan ibada ta zama darshan, kalmar da Diana Eck ta yi wa littafi guda a 1981: mutum ya ga abin bautarsa, shi ma ya gan shi. Wannan ne ya sa mai ɗaukar hoto ke kai da komo tsakanin idon jaruma da idon siffar, salon da muke ɗauka ɓata lokaci ne. Shi ne kuma ya sa a 1975 wasu masu kallon Jai Santoshi Maa suka riƙa tuɓe takalma a gidan silima suna watsa furanni ga majigi, a 1987 da 1988 kuma aka riƙa rataya wa talabijin furanni lokacin da ake nuna Ramayan na Ramanand Sagar. Kada kuma a ɗauka Indiyawa ba su san wasa da abin ba: a Sholay ɗin nan Veeru ya laɓe bayan siffar Shiva yana yi wa Basanti magana da babbar murya, wai ta aure shi.

4. Tarkon kwatance

Ɗan Adar na da wata ƙofa ta biyu, ita ce kuma ta fi haɗari. Wanda ya karanta littafin Nicole Échard na 1989 a kan borin Adar da Kurfai, ko ya tashi kusa da gidan ƴan bori, ya san kowane iska da launin tufafinsa da dabbar da ake yanka masa da kayan tserensa, ya san Doguwa Fara da Doguwa Baƙa. Nan da nan sai ya ce ai Hindu bori ne na masu kuɗi. Na taɓa jin ɗalibi ya kafa hujja da muƙalar Guy Nicolas ta 1968 a kan uku da huɗu da bakwai a kwarin Maraɗi, inda uku ke na namiji, huɗu na mace, bakwai kuwa haɗuwarsu, ya ce ga asalin taku bakwai na auren Indiya. Lissafin ya yi daɗin ji. Sai dai a can kowane taku da abin da ake roƙo a kansa, abinci da ƙarfi da arziki har zuwa abota a na bakwai, ba a raba su uku da huɗu tsakanin jinsi. Kamanni ya isa ya buɗe wa ɗalibi ido ya gane cewa launi da lamba na iya ɗaukar nauyi. Bai isa ya zama tarihi ba.

Akwai kuskure na uku da boko ya kawo mana. Zanen swastika, daga kalmar Sanskrit mai nufin zaman lafiya da alheri, ƴan kasuwar Indiya na yin sa a shafin farko na sabon littafin ciniki lokacin bikin Diwali, mata na yin sa a bakin ƙofa. Jam'iyyar Hitler ta ɗauke shi a 1920, darasin tarihin da muka gada daga Faransa kuma da wannan fuska kaɗai ya nuna mana shi. Tsohuwar da ba ta shiga lakwal ba ta gan shi a ƙofar gidan amarya a fim ta ce zane ne irin na ƙwarya. Jikanta mai digiri ya gan shi ya ce ashe Indiyawa ƴan Nazi ne. A wannan karo tsohuwar ta fi shi kusa da gaskiya.