3.4 Matsayin Fara'a da 'Yan Uwanta a Ma'aunin Mutumin Kirki

A cikin ayyukan da aka yi a kan ɗabi'un Bahaushe, da wuya a sami wanda aka fi ambatawa kamar laccar A. H. M. Kirk-Greene mai suna Mutumin Kirkii, wadda Jami'ar Indiyana ta ƙasar Amurka ta buga a 1974. A cikinta marubucin ya kawo siffofi 10 da ya ce su ke haɗuwa su yi mutumin kirki, wato gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da kuma adalci. Babu shakka aikin ya share fage. To amma idan aka duba jerin da kyau, za a ga babu fara'a a cikin goman, alhali kuwa tana cikin kalmomin da Bahaushe ya fi saurin kawowa idan zai yabi maƙwabci ko suruki ko ɗan kasuwa. Wannan giɓi shi ne abin dubawa a nan.

Kalmar fara'a ta samo asali ne daga kalmar Larabci mai ma'anar farin ciki. Da ta shigo Hausa sai ma'anarta ta karkata daga abin da ke cikin zuciya zuwa abin da ake nuna wa jama'a. Shi ya sa ana iya cewa:

(a) Ta tarbe mu da fara'a duk da rashin da aka yi mata.

A nan matar ba ta cikin farin ciki, amma ba a hana ta fara'a ba. Wato ke nan fara'a wani haƙƙi ne da baƙo ko abokin hulɗa yake da shi a kan mutum.

Sauran kalmomin wannan rukuni kuwa kowace da gurbinta. Sakin fuska da shimfiɗar fuska sun ɗauki fuska tamkar wani abu da ake ɗaurewa a kwance, ko a naɗe a shimfiɗa. Kishiyoyinsu ma sun tabbatar da haka, domin ana cewa ɗaure fuska da tsuke fuska da murtuke fuska. Faran-faran tana siffanta yadda mutum yake sakin jiki a lokacin hira. Haba-haba ta ɗara ta, domin ta ƙunshi ɗawainiya da rawar jiki, kamar kawo ruwa da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Son mutane kuwa hali ne mai ɗorewa, wanda ba a yanke hukunci a kansa a zama guda. Wanda ya haɗa waɗannan duka shi ake kira mutumin mutane.

Ana iya kāre Kirk-Greene da cewa fara'a ba ta kai ta tsaya da ƙafarta a ma'aunin kirki ba. Harshen kansa ya ba da wannan hujja, domin waɗannan jumloli biyu duk karɓaɓɓu ne:

(b) Yana da kirki, sai dai ba shi da fara'a.
(c) Yana da fara'a, amma ba shi da amana.

Haka kuma Hausawa sun ce haƙorin dariya shi ke cizo, sun kuma ware kalmar yaƙe domin murmushin da bai kai zuci ba. Bugu da ƙari, al'ada ta iyakance inda ake yin fara'a. Uwa ba ta sakin fuska da ɗan fari a gaban mutane, kuma wannan kunya ce abin yabo. Budurwar da ta cika fara'a da kowane namiji akan ce tana da rawar kai. Wanda ya yi haba-haba a inda ba a gayyace shi ba kuwa, sai a kira abin shisshigi ko cusa kai.

Duk da haka, wannan kariya ba ta wadatar ba. Idan aka ɗauki karamci, wanda yake cikin siffofin goma, za a tarar ba ya cika sai da fara'a. Bahaushe zai ji wani iri idan aka ce:

(d) Ya karrama mu, amma fuska a ɗaure.

Dalili kuwa shi ne, wanda aka kawo wa tuwo da miya aka haɗe masa rai ba zai tashi yana cewa an karrama shi ba. Cewa zai yi an ba shi abinci. Karin maganar nan da ke cewa shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma ta fifita fara'a a kan kyautar kanta. Addinin Musulunci ma ya ƙarfafa wannan fahimta, tun da hadisi ya lissafa murmushi ga ɗan uwa a cikin sadaka. Haka abin yake ga ladabi, domin gaisuwar da aka yi ana shan kunu ba a ɗauke ta a bakin komai ba.

Bisa ga waɗannan misalai, ana iya cewa raunin jerin Kirk-Greene ya taso ne daga yadda ya fi mayar da hankali ga halayen da mutum yake ɗauke da su, ya rage kula da yadda yake isar da su ga jama'a. Fara'a ita kaɗai ba ta mayar da mutum na kirki, amma karamci da ladabi suna rataye da ita. Saboda haka ya dace duk wani nazari a kan mutumin kirki ya ba ta gurbi a matsayin sharaɗin cikar waɗannan siffofi biyu, tare da bayyana iyakokin da kunya ta gindaya mata.