Jinjina ga Mitsuko Uchida

Kiɗan sonata 18 Mozart ya tsara wa fiyano, kuma ko yara 'yan koyo suna taɓa wasu daga ciki. Nan gizo ke saƙa: sautukan ba su da yawa, makaɗi ba shi da inda zai ɓoye kuskure. Mitsuko Uchida, haifaffiyar Japan a 1948 wadda ta koma Biyana tana 'yar shekara 12, ta kaɗa su duka a zauren Wigmore na Landan a 1982, daga baya kamfanin Philips ya naɗe su a faifai.

A saurari mai lamba K. 310, wadda Mozart ya tsara a Faris a 1778, shekarar da mahaifiyarsa ta rasu a can. Hannun hagu yana ta maimaita duka ba ƙaƙƙautawa, na dama yana kuka a samansa. Uchida ba ta ƙara gishiri. Takan sassauta yatsu har sauti ya kusa ɓacewa, amma kowane ɗaya yana fita tas. Wannan kamun kai nake ƙauna a hannunta, wallahi, fiye da saurin da wasu makaɗa ke taƙama da shi.