Wasa na Masu Yinsa Ne: Nazari kan Kalankuwa da Wasannin Taron Jama'a na Intanet

Kudancin Kano ƙasar noma ce. Daga Bebeji, inda madatsar ruwa ta Tiga take tun 1974, zuwa Kiru, a bi ta Tudun Wada a ratsa dajin Falgore har Doguwa da duwatsun Riruwai, damina da kaka su ke juya rayuwa. Idan amfani ya shiga rumbu, jiki ya huta, sai samari su nemi abin raya dare. Kakanninsu kalankuwa suka yi. Jikokin kuwa da yawansu waya ce a hannu, suna buga gem da mutanen da ba su taɓa gani ba. Galibi ƙwallo ce ko harbe-harbe irin su Free Fire da PUBG. Amma akwai wani jinsin gem da ya fi cancantar nazari, domin shi ne ya fi kusa da abin da muka gada: wanda dubban mutane ke shiga duniya guda ta intanet, kowa ya ɗauki matsayi, wannan mayaƙi, wancan mai magani, wani maƙeri, wani ɗan kasuwa, su zauna tare shekara da shekaru.

Tambaya ɗaya ce a ƙarƙashin wasannin biyu: wa ke kafa doka, kuma wa ake saurara idan dokar ta matse mutane? Ra'ayina shi ne duk wasan da jama'a ke shiga rigar wani a cikinsa, da yardar masu yinsa yake rayuwa. Ƙauyukanmu sun daɗe da sanin haka. Manyan kamfanoni kuwa sai da suka yi asarar dukiya da jama'a kafin su gane.

Tsarin kalankuwa

Kalankuwa bikin samari da 'yan mata ne na bayan girbi a ƙauyukan ƙasar Kano da Zazzau. Ana neman izinin dagaci ko mai unguwa, a aika wa samarin ƙauyukan makwabta goron gayyata, a ɗauko makaɗa. Amma zuciyar bikin ita ce hukumar wasa da ake kafawa. Akwai sarki da waziri da alƙali da 'yan doka, 'yan mata ma da tasu shugabar. Da Turawa suka zo sai muƙamansu suka shigo dandali: Gwamna, Razdan, Di'o, Joji, likita, duba-gari. Wanda ya saɓa dokar dandali a gurfanar da shi gaban alƙalin wasa a ci shi tara, abin da aka tara kuma ya koma hidimar biki. Littafin Baba ta Karo na Mary Smith, wanda ya fito a 1954, labarin wata dattijuwa ce da ta yi ƙuruciyarta a Karo da Zarewa, kuma ya nuna cewa sarautun wasa na samari da 'yan mata tsohon abu ne a wannan shiyya.

Idan aka dubi bikin da idon mai tsara wasa, za a ga hikima huɗu. Ta farko, kowa yana da gurbi: wanda ba shi da ƙarfi yana iya zama maroƙi ko maga-takarda, mai barkwanci ya zama likita. Ta biyu, hukunci yana da iyaka. Tara ce ta goro ko 'yan kuɗi kaɗan, ba ta raba mutum da mutuncinsa. Ta uku, wasan yana da ranar farawa da ranar tashi, bayan nan sarki ya koma ɗan gidan wane. Ta huɗu, wadda ta fi sauran, masu kafa doka suna cikin wasan. Sarkin da ya tsananta gobe da safe zai haɗu da waɗanda ya ci tara a bakin rijiya. In ya ƙi ji, baɗi baƙi ba za su amsa goro ba, 'yan mata ba za su fito ba, makaɗa su nufi wani gari.

Ba a ce kalankuwa ba ta da aibu ba. Malamai sun soki cuɗanyar maza da mata da ɓarnar kuɗin kaka, kuma a kan yi faɗa tsakanin samarin gari da baƙi. Waɗannan, tare da makaranta da cirani da talabijin, sun sa ta ja baya. Tashe ma, wanda ake farawa goma ga watan azumi, ya gamu da irin wannan a birni: a shekarun nan rundunar 'yan sandan Kano ta sha dakatar da shi saboda 'yan daba da ke fakewa da shi. Inda mai ƙarfi ya samu damar cin zalin mai rauni ba mai tsawatarwa, dandali watsewa yake yi.

Abin da kamfanoni suka koya da wahala

Asalin wasannin intanet na irin wannan jinsi yana komawa ga MUD, wanda Roy Trubshaw da Richard Bartle suka ƙirƙira a Jami'ar Essex ta Ingila daga 1978. A 1996 Bartle ya kasa 'yan wasa gida huɗu: masu neman ɗaukaka, masu son yawon gano sababbin wurare, masu son hira da zumunci, da masu jin daɗin murƙushe wasu. Kowane mataki da mai tsarawa ya ɗauka yana daɗaɗa wa wani gida, ya ɓata wa wani. Wannan ce matsalar da ba ta ƙarewa.

Ultima Online, wanda ya fito a 1997, ya fara da 'yanci kusan marar iyaka: a bayan gari kowa na iya kashe kowa ya kwashe kayansa. Mahaƙan ma'adinai da masu saran itace da 'yan kasuwa suka zama abincin 'yan fashi, suna ta kuka suna barin wasan. A 2000 kamfanin ya raba duniyar biyu, Felucca mai haɗari da Trammel inda ba a taɓa mutum sai da yardarsa. Mafi yawan jama'a suka koma Trammel. Har yau akwai tsofaffin 'yan wasa da ke cewa an kashe armashin wasan, amma ƙafar mutane ta riga ta yanke hukunci.

Star Wars Galaxies, na 2003, ya zo da abin da ɗan kalankuwa zai gane nan take. Mutum na iya zama mai rawa ko makaɗi ko likita ko maɗinki, ba tare da ya ɗauki makami ba, kuma mayaƙa na buƙatarsa domin su warke daga gajiyar yaƙi. A Nuwamba 2005 kamfanin Sony ya sauya wasan bagatatan, ya rage sana'o'i sama da 30 zuwa 9, da nufin jawo sababbin 'yan wasa. Mutanen da suka shafe shekara biyu suna gina sana'a suka wayi gari babu ita. Da yawa suka tafi, aka rufe wasan a Disamba 2011. Laifin ba sauyi ba ne kawai. An yi wa mutane aski ba sa nan.

RuneScape na kamfanin Jagex ya bi hanya mai ban sha'awa. A Disamba 2007 ya sanar da hana cinikin kai-tsaye marar iyaka tsakanin 'yan wasa domin daƙile masu sayar da zinaren wasa da kuɗin gaske. Maganin ya fi cutar zafi. A 2011, bayan ƙuri'ar da sama da mutum miliyan ɗaya suka kaɗa, aka dawo da cinikin. A 2012 aka sauya tsarin yaƙi, aka sake ɓata wa jama'a. Daga nan ne a Fabrairu 2013 kamfanin ya farfaɗo da tsohon wasan na 2007 da sunan Old School RuneScape, da sharaɗin ba za a ƙara sabon abu ba sai kashi 75 cikin ɗari na masu ƙuri'a sun amince. Wannan tsohon zubi ya rayu ya bunƙasa, har ya shigo waya a 2018.

EVE Online, na kamfanin CCP da ke Ayislan, tun 2008 yake da majalisar wakilai da 'yan wasa ke zaɓa. A 2011 kamfanin ya fara sayar da kayan ado na wasa, ciki har da tabarau mai ido ɗaya na kusan dala 70, kuma aka ji tsoron zai fara sayar da ƙarfi. Dubban 'yan wasa suka taru a Jita, babbar kasuwar wasan, suna ɓarin wuta kan wani gunki don nuna fushi, wasu suka janye kuɗinsu. Sai da aka kira majalisar taron gaggawa, daga baya shugaban kamfanin, Hilmar Pétursson, ya fito ya ba da haƙuri.

Sauraro ba bin kowace murya ba ne

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba kullum shi ya san yadda za a gyara rufin ba. World of Warcraft, wanda ya fito a 2004 ya kai masu biyan kuɗi miliyan 12 a 2010, ya nuna haka. 'Yan wasa sun gaji da ɓata lokaci wajen neman abokan shiga kogon dodanni. A Disamba 2009 kamfanin Blizzard ya kawo na'urar da ke haɗa mutum biyar cikin sauƙi. Aka yi murna. Daga baya aka lura mutane suna shiga su fito ba ko sallama, domin ba wanda zai sake ganin wani. Wahalar neman aboki ita ce ke haifar da abota. A 2013 wani babban jami'in kamfanin ya gaya wa masu neman a dawo da tsohon zubi cewa ba abin da suke so ba ne da gaske. Suka dage, har a Agusta 2019 aka fito da shi, jama'a suka yi cincirindo.

Darasin biyu ne. Koke na ɗan wasa gaskiya ne, ko da maganin da ya kawo kuskure ne. Kuma wanda ya fi ɗaga murya ba shi ne jama'a ba. Alƙalin kalankuwa ma ba ya bin ihun dandali. Yana sauraro, ya duba abin da zai sa biki ya kai ranar tashi lafiya. Naoki Yoshida ya yi irin wannan da Final Fantasy XIV: wasan ya fito a 2010 ya faɗi ƙasa warwas, aka damƙa masa, ya riƙa yi wa 'yan wasa bayani a kai a kai, ya rufe tsohuwar duniyar a 2012, ya buɗe sabuwa a 2013. Ya saurara, amma shi ya ɗauki nauyin hukunci.

Muryar da ba ta isa majalisa

A nan ne abin ya dame ni. Duk ƙuri'un nan da majalisun nan na waɗanda suka samu shiga ne. Saurayin Kafin Maiyaki ko Kwanar Ɗangora yana gamuwa da hukunce-hukuncen da aka yanke ba a san da shi ba. Girman wasa na iya cika wayarsa tun kafin ya fara. Kowane sabuntawa data yake ci, ga shi a Janairu 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Wayar na kwana a shagon mai caji. Na'urorin da ke ɗauke da wasannin galibi suna Turai ko Amurka ko Asiya, don haka takobinsa kan sauka bayan abokin karawa ya riga ya sare shi. Farashi da dala ake yanka shi, bayani kuma ba da Hausa ba. Free Fire ya samu karɓuwa a ƙasashe masu tasowa ne domin an gina shi ya yi aiki a ƙaramar waya. Wannan shaida ce cewa shigar talaka zaɓi ne na mai tsarawa, ba ƙaddara ba.

Abubuwa biyu kuma sun saɓa wa hikimar dandalinmu kai tsaye. Na farko shi ne akwatin sa'a: ka biya kuɗi ba ka san abin da zai fito ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin wannan caca ce. Iyaye da malamai a nan suna da hujjar kallon sa haka, kuma ya kamata su san yana cikin wayoyin 'ya'yansu. Tarar kalankuwa dandali take komawa; wannan kuɗin fita yake ba ya dawowa. Na biyu shi ne rashin ranar tashi. Wasanni da yawa suna ba da lada ga mai leƙowa kullum, su tauye wanda ya yi fashi. Irin wannan tsari bai san lokacin shuka ba, bai san jarrabawa ba, bai san kiran salla ba. An gina shi ne ya riƙe mutum, ba ya sallame shi da daɗin rai ba.

Mafita ba ta tsaya ga hani ba. A 2016 kamfanin Kiro'o Games na Kamaru ya fitar da Aurion, wasan jarumta da aka gina kan al'adun Afirka, ya nuna cewa aikin ba gagara-badau ba ne. Matasanmu da ke koyon ilimin kwamfuta a Jami'ar Bayero da ta Wudil suna da kayan aikin da ba sai sun aro ba: sarautu da sana'o'i, fatauci da kasuwanni, wasan gauta inda matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa a gabansu domin su ga halinsu. Wanda zai gina mana irin wannan wasa ya sa ya yi sauƙin ɗauka a ƙaramar waya, ya yi magana da Hausa, ya ba maƙeri da mai magani daraja daidai da mayaƙi, ya haramta sayar da ƙarfi da akwatin sa'a, ya yanka masa zango mai farko da ƙarshe. Sama da komai, ya kafa majalisar 'yan wasa tun ranar farko, da wakilai daga ƙauye ba birni kaɗai ba, kuma ya wajabta wa kansa bayyana dalilin duk hukuncin da ya saɓa wa ra'ayinsu. Kafin wannan ya samu, 'yan wasanmu su daina ɗaukar kansu baƙi a wasannin da suke zuba wa kuɗi da lokaci: su haɗa ƙungiya, su kaɗa ƙuri'a inda ake kaɗawa, su bar duk wasan da ya mai da su abin tatsa.