Sharhi a kan Yadda Littattafan Tambaya da Amsa Suke Koyar da Aljabara

Maƙasudin wannan takarda shi ne duba ƙananan littattafan nan na tambayoyin jarrabawar WAEC da NECO da amsoshinsu, waɗanda ake sayarwa a shagunan Tudun Wada da Sabon Gari. Ba na musun amfaninsu: suna da araha, kuma amsoshinsu galibi daidai ne. Ƙorafina yana kan hanyar da suke bi zuwa ga amsar.

Mu ɗauki 2x + 3 = 11. Abin da ake nuna wa yaro shi ne 3 ta tsallaka alamar daidai, ta rikiɗe ta zama ta ɗebewa. Ba a faɗa masa dalili, don haka sai ya riƙe maganar tamkar laƙani. Da ya iso 2x = 8, sai ya tsallakar da 2 ita ma, ya ɗebe ta, ya ce x shida ce, alhali huɗu ce. Na sha ganin wannan a wata sakandare a Tudun Wada, sa'ad da na je duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa, kuma abin takaici, wani malamin gwajin ma ya kasa bayyana inda kuskuren yake. Yaron kam ba shi da laifi. Dokar da aka ba shi ya bi sau da ƙafa.

Ba haka fannin ya faro ba. Muhammad ɗan Musa al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa a Bagadaza wajen shekarar 820, ya kafa shi a kan jabru da muƙabala, watau cike giɓi da daidaita ɓangarori biyu. Sikeli ke nan: abin da aka cire a wannan hannu, dole a cire shi a wancan. Babu abin da yake tsallakawa. Wani babban kashi na littafin ma a kan wasiyya da rabon gado yake, irin lissafin da malaman zaure na birnin Zariya suke yi har yau.

Matsalar ta fi tsanani wajen zanen miƙaƙƙen layi. A ba yaro y = 2x + 3, a ce ya cika jadawali, ya ɗiga ɗigo a takarda mai gida-gida, ya haɗa su da rula, shi ke nan an gama. Me 2 take yi a zanen? Me 3 take yi? Shiru. Amma a ce masa mai Keke Napep zai kai kaya daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari, yana karɓar naira 300 kuɗin tashi, da naira 200 a kan kowane buhu. Nan take zai gane cewa 300 ita ce inda layin ya taso, 200 kuwa hawan da yake yi da ƙaruwar kowane buhu. In aka tambaye shi buhu nawa naira 1,100 za ta kai, zai ce huɗu tun bai ɗauki biro ba, ya warware 2x + 3 = 11 ke nan bai sani ba. Mai kaifin basira zai iya cewa ai ba a loda sulusin buhu, to me ya sa aka haɗa ɗigogin? Wannan tambaya ta fi mini shafi goma na amsoshi daraja, kuma littattafan ba su bar mata ƙofa ba.

A 1977, lokacin Kanar Ahmadu Ali yana Kwamishinan Ilmi na Tarayya, aka soke "lissafin zamani" a makarantunmu bayan doguwar muhawara a kan abin da za a koyar. Yadda za a koyar, a ganina, bai sami irin wannan kulawa ba. Shawarata ga kwalejojinmu ita ce kada a sa wa ɗalibi hannu a takardar gwajin koyarwa sai ya iya bayyana hawan layi da mafarinsa da Hausa, ba tare da ya ce wani abu ya tsallaka ba.